Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Kwalbar Madara Daga Alamomin Jikinta: Tambayoyi Da Amsoshi

Na samu tsohuwar kwalbar madara ta gilashi. Ina zan fara dubawa?

Ka kifa ta ka dubi gindinta. Yawancin mutane sunan da ke jikin kwalbar suke fara karantawa, don shi ne manya-manya, alhali wannan sunan kamfanin madarar ne da ya yi odar kwalbar. Wanda ya ƙera ta daban ne, wato masana'antar gilashi, kuma ita ba ta yin ɗoki da sunanta. Takan ɓoye tambarinta ƙarami a gindi, ko a dunduniyar kwalbar, wato zagayen nan na ƙasa inda jiki ya haɗu da gindi. Shekara kuwa, idan an buga ta, kusan kullum tana kusa da wannan ƙaramin tambari.

Ka wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka bari ta bushe, sannan ka haska mata fitila daga gefe, ba daga sama ba. Hasken gefe yana sa rubutun da ya lafe ya yi inuwa har ka iya karanta shi. Inda ido ya gaza, ka shafa da yatsa, ko ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kai. Duk abin da ka gani ka rubuta shi yadda yake, da inda yake: wace lamba ce a hagu, wace ce a dama, akwai ɗigo ko babu. Ɗigo guda yana iya sauya lissafin da shekara 10.

Tun yaushe ake zuba madara a kwalba?

Tun ƙarshen shekarun 1870 aka fara gwadawa a Amurka. Sunan da ya fi fita shi ne na Dakta Hervey D. Thatcher, mai kantin magani a garin Potsdam na jihar New York, wanda ya fito da tasa kwalbar a tsakiyar shekarun 1880. A 1889 aka yi rajistar wata dabara da ta sauya sana'ar gaba ɗaya: ɗan dakali a cikin bakin kwalba inda faifan kwali zai zauna ya zama murfi. Kafin nan, murfin gilashi ko na ƙarfe ake ɗaurewa da waya. Saboda haka kwalbar da bakinta yake sumul daga ciki, babu wannan dakali, kuma akwai alamar inda waya ta riƙe wuyanta, tana iya zama cikin na farko-farko, na kafin 1900 ko daf da haka.

Yaya zan san da baki aka hura ta ko inji ne ya yi ta?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da dalili. Akwai ƙa'idar da kowa ya haddace game da tsofaffin kwalabe: idan layin haɗin mazubi, wato siririn layin da ke hawa gefen kwalba inda ɓangarori biyu na mazubin da aka ƙera ta a ciki suka haɗu, ya hau har saman baki, aikin inji ne, idan ya ɓace a wuya, an hura ta da baki an gyara bakin da hannu. Ga kwalbar lemo ko ta magani wannan ƙa'ida tana aiki sosai. Ga kwalbar madara kuwa takan yaudari mutum.

Mafi yawan kwalaben madara masu zagaye, daga wajen 1905 har cikin shekarun 1940, wani irin inji ne ya yi su wanda yake fara danna narkakken gilashi a cikin mazubi na farko, ya fitar da baki da wuya, sannan a ɗauke shi zuwa mazubi na biyu a hura masa iska. A irin waɗannan kwalabe layin gefe yakan dushe a wuya, kamar dai na hannu. Abin da ke tona asirin injin shi ne wani ɗan da'ira a gindi, bai kai faɗin kan babban yatsa ba, sau da yawa ya ɗan kauce daga tsakiya. Tabon sandar da ta turo gilashin daga mazubi na farko ne. Ka kuma duba leɓen kwalbar, za ka ga siririn layi ya zagaye shi a kwance. Idan ka ga waɗannan biyun, inji ne, ko da layin gefe ya ɓace.

Akwai kuma injin Michael Owens, wanda aka kammala a 1903, mai zuƙo gilashi sama zuwa cikin mazubi. Kamfanin Thatcher ne ya samu lasisin yin kwalaben madara da shi tun farko. Tabonsa daban ne: babban zagaye ne a gindi, mai gefe kaushi-kaushi kamar an yanke shi da wuƙa mara kaifi, kuma layin gefe yana hawa har saman baki.

Wadda aka hura da baki ba ta da ko ɗaya daga cikin tabban nan biyu. Kaurin gilashinta ba ya daidaita, ana ganin ƙwayoyin iska a ciki, ga sawun juyawar ƙarfe a wuya. Irin wannan da wuya ta wuce 1915. Amma ƙwayoyin iska su kaɗai ba hujja ba ne, don injinan farko ma suna barin su.

Akwai harafin I a cikin O, da wata siffa mai kusurwa huɗu a kwance ta ratsa su. Tambarin wa ke nan?

Na Owens-Illinois ne, kuma ka yi sa'a, domin babu tambarin da ya fi shi sauƙin karantawa. An kafa kamfanin a 1929 lokacin da Owens Bottle da Illinois Glass suka haɗe, don haka kwalbar ba za ta girmi wannan shekara ba. A 1954 suka fara cire siffar mai kusurwa huɗu, aka bar I a cikin O kawai, sai dai tsofaffin mazubai sun ci gaba da aiki na wasu shekaru, shi ya sa ake samun tsohon tambarin har ƙarshen shekarun 1950.

Lambar hagu ta masana'anta ce, ta dama ta shekara, ta ƙasa kuma ta mazubi ce, ba ta da ruwa da shekara. Masana'anta mai lamba 17 tana Clarion a jihar Pennsylvania, 18 tana Columbus a Ohio, kuma waɗannan biyun sun yi kwalaben madara da yawa. Lamba 7 ta Alton ce, 9 ta Streator, duka a Illinois, 23 kuma ta Los Angeles.

Matsalar tana wajen lambar dama. A shekarun 1930 lamba ɗaya tak suke sawa, 7 tana nufin 1937. Da aka shiga 1940 sai abin ya rikice, tunda 2 tana iya zama 1932 ko 1942. Wasu masana'antun suka riƙa ƙara ɗigo bayan lambar don nuna shekarun 1940, kafin daga baya a koma lamba biyu kamar 47 ko 51. Ba kowace masana'anta ta bi tsarin ɗigon daidai ba, don haka sai an nemi ƙarin shaida. Kalmar Duraglas da rubutun haɗe ta fara bayyana a 1940. Ƙananan ƙuraje-ƙurajen nan da ake yi wa gindi ma daga 1940 suka fara. To, idan ka ga 18 a hagu, 7 a dama, gindi sumul, babu Duraglas, ka ce Columbus, 1937. Idan ka ga 17 a hagu, 2 da ɗigo a dama, ga Duraglas a dunduniya, ka ce Clarion, 1942.

An rubuta BB48 a dunduniya. Ba 1948 ke nan ba?

A'a. Wannan tarko ya kama mutane da yawa, har da masu sayarwa da ke rubuta shekara da ƙarfin gwiwa.

A farkon ƙarni na 20 an yi ta ƙorafi a Amurka kan kwalaben da ba su cika mudu ba, ana sayar wa mutane madara ƙasa da abin da suka biya. Sai jihohi suka fara tilasta wa masana'antun gilashi su yi rajista, a ba kowace lambarta, ta buga a jikin kowace kwalba, don idan an kama kwalba mai ƙwange a san wanda za a tuhuma. New York ta fara wannan wajen 1910, wasu jihohin suka biyo baya, lambobin suka zama kamar sunan yanka. BB48 na Berney-Bond ne. L52 na Lamb Glass ne da ke Mount Vernon a Ohio, wanda ya fara aiki a 1921. UGP51 na Universal Glass Products ne a Parkersburg, West Virginia. E4 na Essex Glass ne. Thatcher yakan sa 11. Duk waɗannan ba shekaru ba ne.

Amma suna taimakawa ta wata hanya. Thatcher ya saye Essex a 1920 tare da wasu ƙananan masana'antu, don haka E4 yana nuna shekarun 1910 zuwa farkon 1920. BB48 ya fi wuyar sha'ani, domin Owens-Illinois ya saye Berney-Bond a 1930 ya ci gaba da amfani da lambar shekaru masu yawa. Idan BB48 yana dunduniya kuma tambarin Owens-Illinois yana gindi, gindin za ka bi.

Ta Thatcher fa, yaya ake karanta ta?

Tsofaffin suna ɗauke da T.MFG.CO. ko T.M.CO. Daga wajen 1923 aka koma babban harafin T da ƙaramin M a hagunsa da ƙaramin C a damansa, kuma wannan ya daɗe har cikin shekarun 1950. Thatcher yana cikin waɗanda suka fara sa shekara da lamba biyu, tun kafin yaƙin duniya na farko. Sau da yawa za ka ga harafi guda tare da lambobin, wanda ke nuna garin da aka yi ta: E na Elmira, S na Streator, K na Kane, L na Lockport.

Mene ne MASS SEAL ko MAINE SEAL da ke kafaɗar wasu kwalabe?

Hatimin awo ne na jiha. A Massachusetts da farko jami'an awo ne suke auna kwalabe ɗaya bayan ɗaya su zana musu hatimi da sinadari. Aikin ya fi ƙarfinsu, sai daga 1909 aka yarda masana'anta ta buga hatimin da kanta, da harafinta, misali T na Thatcher. Maine ta bi sahu a 1913. Dukansu sun daina a 1947. Hatimin yana gaya maka abu biyu: tsakanin shekarun da aka yi kwalbar, da kuma jihar da aka yi niyyar sayar da madarar. Minnesota ma tana da nata, MINN a cikin alwatika.

An buga PAT. MARCH 3, 1925. Shekarar da aka yi ta ke nan?

Shekarar da aka yi rajistar ƙirar ce. Wannan rubutu yana kan kwalaben nan masu ƙululu a wuya, inda maiƙon madara ke taruwa a sama, a toshe ƙasansa da wani lanƙwasasshen cokali a tsiyaye shi daban. An ci gaba da buga wannan kwanan wata sama da shekara 20 bayan 1925. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne kwalbar ba ta girmi 1925 ba. Haka duk wata shekara da ta biyo bayan PAT., ko wadda kamfanin madara ya rubuta don nuna lokacin da aka kafa shi.

Masu siffar fuskar jariri a ƙululun sun fito a 1936. Duka dangin nan sun ja baya ne bayan da aka fara sarrafa madara ta yadda maiƙonta ba ya tasowa sama, abin da ya yaɗu a shekarun 1940 da 1950.

Kalar gilashin tana nuna shekaru?

Tana nunawa, amma da taka-tsantsan. Yashin da ake yin gilashi yana da ƙarfe a ciki, wanda ke sa shi kore-kore. Mai sayar da madara kuwa so yake a ga farinta da kaurin maiƙonta, don haka ake zuba sinadarin da zai kashe koren. Daga shekarun 1880 zuwa wajen 1920 manganis ake sawa, kuma gilashin da ke da shi idan ya daɗe a rana yakan juya shunayya mai haske. Bayan nan aka koma seleniyam, wanda ke ba da ɗan rawaya-rawaya, an fi ganinsa a kaurin gindi.

Shunayya mai duhu sosai abin zargi ce. Akwai masu sa tsofaffin kwalabe a na'urar haske mai ƙarfi don kalar ta yi duhu su ƙara kuɗi. Kwalbar tana iya zama tsohuwa da gaske, amma an ɓata ta, kuma ni a ganina wannan ɓarna ce da ba ta da gyara.

Masu ruwan zuma, musamman masu kusurwa huɗu, yawanci na shekarun 1950 ne zuwa 1960, lokacin da aka damu da yadda haske ke lalata ɗanɗano da wasu bitamin na madara.

Tawa rubutun fenti gare ta, ba mai tudu ba.

To ba ta girmi 1933 ba. A wajen wannan lokaci aka fara buga rubutu da garin gilashi mai kala a gasa shi ya manne da jikin kwalba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 ya zama ruwan dare. Ja da ruwan lemo sun fi yawa. Masu kira ga mutane su sayi takardun lamunin yaƙi ko su tara tsofaffin ƙarafa, na lokacin yaƙin duniya na biyu ne, 1942 zuwa 1945.

Rubutu mai tudu bai mutu nan take ba, don haka kada ka ce duk mai tudu ta girmi 1933. Idan sunan kamfanin yana cikin wani zagaye a gaban kwalbar, alama ce ta ƙaramin kamfani: mazubi ɗaya ne na kowa da kowa, faifan suna kawai ake sauyawa, don ya fi araha.

Siffarta fa?

Doguwa mai zagaye ita ce tsohuwar ƙira. An gwada mai kusurwa huɗu tun da wuri ba ta karɓu ba, sai a tsakiyar shekarun 1940, da firji ya shiga gidaje aka ga ta fi dacewa da shi da kuma akwatin mai rabawa. Baki ma ya yi ta tsukewa: daga milimita 56 na murfin kwali, zuwa 48, zuwa 38.

Babu shekara ko kaɗan a gindin. Shike nan?

Saura sunan kamfanin madarar. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su yi tsawon rai ba, wasu kuma sun sauya suna ko adireshi, kuma kundin adireshin gari na shekara-shekara da tsofaffin jaridu suna nuna lokacin. Ɗakunan karatu da ƙungiyoyin tarihi na garuruwan Amurka sun sa da yawa daga cikinsu a intanet. Idan kamfani ya bayyana a kundin 1926 ya ɓace bayan 1934, ka samu iyaka biyu.

Ka lura da lambar waya. Mai lamba biyu ko uku ta fi tsufa, ko kuma ta ƙaramin gari ce sosai. Adireshi mai lambar yankin gidan waya mai alƙaluma biyar ba zai girmi 1963 ba, don a shekarar Amurka ta fara wannan tsari. Kalmar STORE tana nufin kwalbar kanti ce da ake ajiye mata kuɗin jingina, ba ta nuna shekara.

Game da tambarin da ba ka gane ba, littafin Julian Toulouse na 1971 kan masu ƙera kwalabe da alamominsu shi ne tushen da aka daɗe ana dogaro da shi. Sai dai binciken da Bill Lockhart da abokan aikinsa suka yi daga baya ya gyara shekaru da dama a cikinsa, kuma inda suka saɓa na fi amincewa da na bayan, domin sun dogara da takardun kamfanoni da kwalabe masu shekara a jiki.

Idan ba ta Amurka ba ce fa?

Awo ne zai fara gaya maka. Fayint na Amurka mililita 473 ne, na Birtaniya 568. Kwat na Amurka mililita 946, na Birtaniya da Kanada ya haura lita ɗaya, wajen 1,136. Ka cika ta da ruwa zuwa inda madara ke tsayawa ka auna.

A Birtaniya za ka yawaita ganin UGB, na United Glass Bottle Manufacturers da aka kafa a 1913. 'Yar ƙaramar nan mai sulusin fayint ta madarar makaranta ce. An fara tsarin a 1934, ya zama kyauta a 1946. Gajeruwar mai ƙiba mai cin fayint ɗaya ta fito a 1980, kuma wadda aka rubuta mata 568 ml ba ta girmi shekarun 1970 ba. A Kanada harafin D a cikin siffa mai kusurwa huɗu na Dominion Glass ne, daga 1928. C a cikin alwatika na Consumers Glass ne: kifaffiyar alwatika ita ce tsohuwa, a farkon shekarun 1960 aka miƙar da ita. AGM kuma na Ostireliya ne. Kada ka ɗauki tsarin lambobin Owens-Illinois ka ɗora wa waɗannan, kowace masana'anta da nata.

Akwai jabu?

Akwai, iri biyu. Na farko sababbin kwalabe ne da aka kwaikwayi tsofaffi. Wadda aka fi kwaikwaya ita ce ta Thatcher mai hoton mutum yana tatsar saniya. Ta asali farar gilashi ce, to duk wadda ka gani shuɗiya ko koriya ko ruwan zuma ta ado ce, wasunsu ma an buga musu Crownford China da 1965.

Na biyu ya fi haɗari: a samo kwalba ta gaske mara rubutu, a buga mata sabon fenti na wani kamfani da ake nema ruwa a jallo, ko hoton yaƙi. Fentin asali gasasshe ne, farce ba ya kankare shi. Na jabu yakan ɓare. Ka kuma gwada shekarar gindi da abin da fentin ke faɗa. Gindin da ya ce 1956 ba zai ɗauki kiran yaƙin 1943 ba. Kwalbar da ta yi zirga-zirga tana da gogewa a gindi da inda take gugar 'yan'uwanta a akwati. Idan gilashin ya sha jiki amma fentin yana ƙyalli ko ƙwarzane babu, da walakin.

Tsufa ne ke sa ta yi daraja?

Ba shi kaɗai ba. Masu tarawa sun fi bin gari da kamfani. Kwalbar 1940 ta ƙaramin kamfani a ƙaramin gari takan fi ta 1915 mara suna. Tsagewa ko ɓallewar leɓe na rage daraja sosai, haka dusashewar fenti.

Yaya zan wanke ta ba tare da na lalata alamomin ba?

Ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke, a jiƙa ta kwana. Kada ka zuba mata tafasasshen ruwa, tsohon gilashi mai kauri yana tsagewa idan zafi ya sauya farat ɗaya. Kada ka sa ta a injin wanke kwanuka, kada ka goge fenti da soson ƙarfe. Dattin ciki yakan fita da burushin kwalba mai laushi. Farin gishirin ruwa kuma ruwan khal yana narkar da shi, amma ka tsayar da shi a cikin kwalbar, kada ya daɗe a kan fenti. Idan bayan duk wannan wani hazo-hazo ya rage, musamman a kwalbar da aka tono daga ƙasa, ba datti ba ne, fatar gilashin ce ƙasa ta ci, kuma wanki ba ya fitar da shi. Masu goge kwalabe da inji suna iya cire shi, sai dai gogewar tana rage kaifin ƙananan lambobin gindi, don haka ka ɗauki hotonsu ka rubuta su kafin ka miƙa ta. Mai fenti kuma kada a sha komai a cikinta, domin fentin wancan zamani yakan ƙunshi dalma.